Ƙaramin majigi a kasuwar Kaduna: zai iya ɗaukar bidiyon natsuwa?

Ƙananan majigin nan masu ƙwan LED sun cika layin masu kayan wuta a Kasuwar Sheikh Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello. Sunan da ke jikin kwali yana canzawa daga shago zuwa shago, amma in an kwance su, kayan ciki kusan ɗaya ne: ƙwan LED guda, ƙaramin gilashin LCD guda wanda hoton ke fitowa a kansa, madubi, fanka, sai ruwan tabarau a gaba. Yawancin masu saye ƙwallo ce ko katun ɗin yara ke kai su, kuma a wannan aikin majigin ba shi da laifi. Wannan sharhi na wani aiki ne daban, wato kallon bidiyon fasaha mai tafiyar hawainiya, irin wanda kyamara za ta kafe wuri guda minti goma tana kallon ruwa, ko gajimare, ko fuskar mutum, ba labari, ba waƙa, wani lokacin ko magana babu.

Amsar a gajarce ita ce zai yi, amma ba yadda mai shago zai nuna maka ba. Sai an rage girman hoton zuwa inci 60, an toshe duk wata kafar haske, an fitar da sauti ta wata sifika daban, sannan an bar kwamfuta ta riƙa kunna bidiyon maimakon manhajar da ke cikin majigin. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, talabijin ta fi masa.

Fannin bidiyon fasaha ba sabo ba ne. Tun 1963 Nam June Paik, ɗan asalin Koriya, ya baje akwatunan talabijin da ya jirkita a wani ɗakin nune-nune a Wuppertal ta Jamus, kuma da kamfanin Sony ya fitar da kyamarar bidiyo ta ratayawa a 1967, masu zane da sassaƙa da dama suka koma ɗaukar hoto mai motsi. Reshen da ya shafe mu shi ne na masu jan lokaci. Bill Viola, Ba'amurken da ya rasu a 2024, ya yi aiki da kyamara mai ɗaukar hoto 300 a sakan guda, sannan ya riƙa sakin su a hankali. Akwai aikinsa na 1995 da gaisuwar wasu mata ta sakan 45 ta koma kusan minti 10. Irin waɗannan ayyuka ba don allon waya aka yi su ba. A ɗaki mai duhu ake haska su a bango, mutumin da ke cikin hoton ya kusa kai girman mai kallo, in bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa, kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, ya fita lokacin da ya ƙoshi. Shi ya sa mai son abin yake kwaɗayin majigi, ba don burga ba.

Sai dai babu abin da ke tona asirin majigi kamar irin wannan kallo. A wasa ido na bin ƙwallo, a fim kuma ana sauya hoto duk bayan 'yan sakanni, ido ba ya samun sukunin ganin aibi. In hoto ɗaya ya tsaya minti goma kuwa, ido zai ƙoshi da tsakiya ya fara yawo: ya leƙa kusurwa, ya bi gefe, ya lura cewa inuwar da ke kan ruwa ta matsa taku ɗaya. Wannan yawon shi mai aikin yake nema. Amma in majigin na da tabo, tabon ido zai fara cin karo da shi, kuma ba zai sake shi ba har a tashi.

Haske, da abin da kwali ke faɗa

A jikin kwali za ka ga lumen 8000 ko 9000, wato yawan hasken da ake cewa majigin na fitarwa. A yi watsi da wannan adadi. Ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne ANSI lumen, kuma ana iya kimanta shi a gida: a haska farin hoto zalla, a raba shi gida tara, a auna hasken tsakiyar kowane gida da manhajar auna haske ta waya, fuskar wayar na kallon majigin, a ɗauki matsakaici, a ninka shi da filin hoton a murabba'in mita. Waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka inda aka dosa. Ƙananan majigin da ke cin wat 40 zuwa 70 galibi tsakanin 100 da 300 suke faɗawa. Dalilin a gininsu yake. Fallen da ke tace haske kafin ya shiga LCD yana cinye rabinsa, matatun launi na ja da kore da shuɗi su cinye kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, madubi da ruwan tabarau su ma su ɗauki nasu kason. Abin da ke isa bango ɗan ragowa ne.

Yanzu ga lissafin da ya kai mu ga inci 60. A gidajen sinima, ma'aunin hasken farin allo nit 48 ne (da nit ake auna hasken da ke dawowa daga allo zuwa ido). Hoto mai inci 60 faɗinsa mita 1.33, tsayinsa santimita 75, wato fili kusan murabba'in mita ɗaya, kuma lumen 150 ya isa ya kai shi wannan ma'auni a farin bango. Inci 80 yana neman wajen 270. Inci 100, wanda shi masu shago suka fi tallatawa, yana neman sama da 400. Majigi mai lumen 150 in aka ja shi baya har hoton ya kai inci 100, hasken zai sauka zuwa nit 17. Ƙwallo za ta kallu a haka, tun da fili kore ne shar kuma a cike yake da fitilu. Bidiyon da aka ɗauka da almuru kuwa sai ya dagule, gaɓar kogi da ruwan su haɗe su zama abu ɗaya. Yawancinsu a tazarar mita 1.6 zuwa 2 daga bango suke ba da inci 60. A auna faɗin da tef, kar a yi da ido.

Baƙin da ba baƙi ba

Nan ne raunin da ya fi kowanne. Gilashin LCD ba ya iya toshe haske gaba ɗaya, don haka inda ya kamata a ga duhu sosai sai a ga wani toka-toka, kamar baƙar riga da ta sha wanki ta koɗe. Ayyuka da yawa a wannan fanni daga duhu suke farawa: allon zai zauna baƙi ƙirin, can sai wani abu ya fara bayyana a hankali, har mai kallo ya rasa sanin lokacin da ya fara ganinsa. A ƙaramin majigi wannan lokacin ɓacewa yake. Abin da za ka gani shi ne murabba'in toka a bango, sannan kwatsam siffa ta fito bayan ta riga ta yi ƙarfi.

Ba a iya kawar da wannan, amma ana rage shi, kuma rabin gyaran a ɗaki yake, ba a majigi ba. Ɗakunan da ake yayi yanzu a Malali da Unguwar Rimi da Barnawa, masu farin silin na POP da tayil mai sheƙi, su ne mafi muni, domin hasken da ya sauka a bango yana tashi ya bugi silin da ƙasa ya dawo ya wanke hoton. A shimfiɗa darduma mai duhu tsakanin majigi da bango. A sa labule mai kauri, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a liƙe ƙananan fitilun soket da na caja da baƙin selotef. Bangon da za a haska a yi masa fentin ruwa, ba fentin mai ba, don na mai yana tara haske wuri guda ya riƙa ƙyalli a tsakiya. Fari mai ɗan sirkin toka yana taimaka wa baƙi, amma kar tokar ta yi yawa, tun da hasken dama ba shi da yawa. Wanda ke gidan haya ya je Panteka a haɗa masa firam na katako ko na siririn ƙarfe, mita 1.4 a kan santimita 80, a ɗaure farin yadi da aka goge sumul, a sa baƙin yadi a bayansa don kar haske ya zarce.

Akwai kuma kuskuren saiti da ke ƙara koɗar da baƙi. Bidiyo yana amfani da matakan haske daga 16 zuwa 235, kwamfuta kuma daga 0 zuwa 255. In kwamfuta ta aika da ɗaya, majigin yana sa ran ɗayan, ko dai baƙi ya yi fari-fari, ko inuwa ta haɗiye komai. Ana gyara shi a saitin katin hoto na kwamfutar. A gwada duka biyun a kan hoto mai duhu a zaɓi wanda ya zauna. Shi kuma maɓallin da aka rubuta wa Brightness a cikin majigin, ba ƙarfin ƙwai yake ƙarawa ba, matakin baƙi yake ɗagawa. Mutane sukan ƙure shi suna neman haske, su ƙare da hazo. A bar shi kusa da tsakiya, a kuma guji yanayin Vivid, wanda ke mayar da sararin sama shuɗin roba.

Batun kaifin hoto gajere ne. Rubutun 4K ko 1080p a kwali sau da yawa yana nufin majigin zai karɓi irin wannan bidiyo ne kawai, ba zai nuna shi a haka ba. Abin tambaya shi ne ainihin yawan ɗigon da ke haɗa hoto a gilashin. Mai 1280 a 720 ya wadatar a inci 60 in an zauna mita biyu baya. Mai 800 a 480 kuwa ragar ɗigon za ta fito ɓaro-ɓaro a kan duk wani fili mai launi ɗaya, a bar shi a shago. Kusan dukkansu in tsakiya ta yi kaifi kusurwoyi sai su yi laushi, kuma juya ƙafar da ke gyara karkacewar hoto yana ƙara wannan laushin. Maganin shi ne a ɗora majigin a kan abin da zai sa ya fuskanci bango sak, ba daga ƙasa yana ɗaga kai ba. A kuma sake saita kaifin bayan minti goma sha biyar da kunnawa, domin ruwan tabarau na roba yana ɗan motsawa in ya ɗumama.

Sai wani aibi da ba kowa ke sanin sunansa ba amma kowa na ganinsa. Ka ɗauki sararin samaniya bayan faɗuwar rana, inda ja ke narkewa cikin shuɗi ba tare da iyaka ba. A majigi mai rauni sai ka ga launin ya rabu zobe-zobe, kowane zobe da bakinsa, kuma yayin da haske ke raguwa zobban suna rarrafe sama ɗaya bayan ɗaya. Laifin rabi na gilashin ne, rabi na fayil ɗin. Bidiyo na yau da kullum matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma matsewar da ake yi masa a intanet tana ƙara rage su a wurare masu duhu. Don haka kar a kalli irin wannan aiki kai tsaye da datar da ke hawa da sauka. A sauke fayil mafi nauyi da mai aikin ya ba da dama, ko da ya fi ƙarfin ɗigon majigin. Bidiyo mai megabit 8 a sakan yana cin gigabait 3.6 a awa guda, sai a shirya datar dare.

Motsi ma yana da nasa. Gilashin yawancinsu sau 60 yake sabunta hoto a sakan. Bidiyo mai hoto 30 a sakan yana shiga daidai, kowanne sau biyu. Mai 24 kuwa sai an nuna wani sau uku, na bayansa sau biyu, mai 25 ma haka yake shiga a karkace. A fim mai gudu ba a lura, amma in kyamara na juyawa a hankali a kan layin bishiyoyi, za ka ga hoton yana ɗan ɗingishi. Ayyukan da aka yi a Turai da nan gida galibi 25 ne. A saita kwamfuta ta aika da 50 a sakan. Wasu majigin suna bi, wasu kuma su karɓa su mayar da shi 60 a ciki, ɗingishin ya zauna.

Ramin filashi da ke jikin majigin shi ne abin da ya fi ba da haushi. Yana ƙin wasu nau'o'in fayil, wani lokacin ya nuna hoto ba sauti, kuma filashin da aka tsara a tsarin adana fayil na FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Mafi muni, in bidiyo ya ƙare zai sake farawa, sai allon ya ɗauke na sakan ɗaya ko biyu, sunan fayil da alamar kunnawa su faɗo a kan hoton. Aikin da aka gina shi don ya zagayo ba tare da an ga ɗinki ba, an kashe shi ke nan. Kwamfuta da wayar HDMI da manhajar kunna bidiyo ta VLC sun magance wannan: a kunna maimaitawa, a kashe nuna sunan fayil, a hana kwamfutar yin barci, a rufe sanarwa. In dole sai da filashi, a juya fayil ɗin da manhajar HandBrake zuwa nau'in bidiyo na H.264 da nau'in sauti na AAC.

Fanka, ƙura da wuta

Sifikar cikin majigin ba ta da amfani a nan. Sautin irin waɗannan ayyuka iska ce, ko ɗigar ruwa, ko motar da ke wucewa can nesa, kuma fankar majigin ta fi su ƙara. A jona sifika da waya daga kwamfuta, a ajiye ta ƙarƙashin hoton, shi kuma majigin a nisanta shi da kunne gwargwadon iko. Mai kallo shi kaɗai ya sa abin kunne mai rufe kunnuwa duka. Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan, amma in ba magana a cikin aikin ba damuwa ba ce.

Fankar nan kuma ita ke jawo ƙura. Yawancin masu arahar cikinsu a buɗe yake, iskar da ke sanyaya gilashi ta kansa take bi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ƙurar Kaduna ba ta barin komai, kuma ƙwayar ƙura guda a kan LCD tana fitowa a bango da girman ƙwayar wake, tsaye cak yayin da gajimare ke wucewa ta bayanta. Goge ruwan tabarau na gaba ba ya cire ta, domin a ciki take. Wasu suna da 'yar ƙofa a ƙasa ko a gefe da ake buɗewa a hura da robar hura iska ta masu gyaran kyamara. Ba a hurawa da baki, ba a sa tsumma. In akwai soson tace iska, a wanke shi duk mako biyu a wannan lokaci, ya bushe sarai kafin a mayar. Bayan kallo a bar shi ya huce a mayar da shi cikin jaka. Zafin Maris da Afrilu kuma wata cuta yake kawowa: in iska ba ta ratsawa sosai, fallen tace haske yana ƙonewa, sai tabo rawaya ko ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoto ya riƙa faɗaɗa. Wannan ba ya gogewa, sai canji. Kar a ɗora majigi a kan katifa ko kujerar soso, a bar masa aƙalla taƙi ɗaya ta kowane gefe.

Inda ƙaramin majigi ya ci tuta shi ne wuta. Wat 60 ba komai ba ne ga inbata. Batir mai volt 12 da amfiya 100, in aka tsaya a rabinsa kamar yadda ya dace da batirin ruwa, zai riƙe majigin kaɗai wajen awa takwas. Ƙwan LED kuma ba ya jin ciwo in an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin janareta da bidiyon natsuwa ba sa zama ɗaki ɗaya. Tsofaffin majigin ofis na hannu, masu lumen 3000 na gaske, sun fi haske nesa ba kusa ba, kuma da yawansu fasalin 4:3 ne, irin na tsohuwar talabijin, wanda ya yi daidai da tsofaffin ayyukan bidiyo na kafin zamanin faffaɗan allo. Amma suna cin wat 250 zuwa 300, ƙwansu na son fanka ta ci gaba da juyawa bayan an kashe, kuma yawan ɗaukewar wuta yana rage masa kwana. Baƙinsu ma ba abin yabo ba ne, don rubutu da jadawali aka ƙera su. Talabijin mai inci 43 kuwa ta fi ƙaramin majigi kaifi da launi da shiru, ba ta tsoron ƙura, ba ta buƙatar duhu. Abin da ta rasa shi ne girma, da kuma taushin hasken da ya sauka a bango ya dawo, wanda ido ke jurewa awa guda ba gajiya. Ga mai kallo shi kaɗai ko su biyu, talabijin ce zaɓinmu. Ga ɗaliban zane na Zariya ko na Kaduna Poly da ke son haska aikinsu a gaban mutum goma, ko mai son ganin aikin kusa da yadda aka nufa, majigin ya cancanci kuɗinsa.

In an kafa komai, lokaci mafi kyau shi ne bayan isha'i. A zauna a duhun minti biyar zuwa goma kafin a kunna, domin ido yana buƙatar lokaci ya buɗe, kuma leƙa waya sau ɗaya yana mayar da shi baya. A fara da aikin da bai wuce minti goma sha biyar ba, a bar shi ya zagayo sau biyu. Zagayen farko yakan tafi a jiran wani abu ya faru. A na biyu ne ake ganin abin da yake faruwa tun ɗazu. Ana samun ayyuka a Vimeo da YouTube da rumbun UbuWeb, ko da yake manyan ayyuka sau da yawa gutsure kawai ake sakawa, tun da kwafi ƙalilan ake sayar wa gidajen adana kayan fasaha. Mai son doguwar tafiya ya nemi hoton jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Oslo da gidan talabijin na NRK a Norway ya watsa a 2009, sama da awa 7. Yana da ramukan dutse da yawa, kuma kowane shiga da fita jarrabawa ce ga baƙin majigi.

Kafin a biya kuɗi, a je shago da kayan gwaji a filashi: farin hoto zalla, baƙi zalla, toka zalla, shafi mai ƙananan rubutu har kusurwoyi, da bidiyo guda na gida. Wannan na ƙarshe kowa zai iya yi. A kafa waya a kan ƙafa uku a bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji gab da magariba, a danna allon a riƙe har haske da kaifi su kulle, a ɗauki minti goma ba taɓawa. Yana ɗauke da duk abin da ke wahalar da majigi: sama mai narkewar launi, ruwa mai motsi kaɗan-kaɗan, gaɓa mai duhu. A shago kar a yarda da katun ɗin da suke kunnawa. A ce, "Alhaji, don Allah a jona min wannan ɗin da zan ɗauka, ba na nuni ba, a ɗan kashe fitila." Toka zalla za ta nuna ƙura da mataccen ɗigo, fari zai nuna ko gefuna sun yi duhu ko akwai rawaya a tsakiya, rubutu zai nuna kusurwoyi. A bar shi a kunne minti goma a kasa kunne ga fanka. Mai kaɗawa ko mai sauya murya ba za ta gyaru a gida ba. A duba ko yana da ramin HDMI da na abin kunne, a tambaya ko cikinsa a rufe yake daga ƙura, don akwai masu hakan kuma sun cancanci ƙarin kuɗin. Farashi yana bin dala, ciniki kuma halal ne, amma abin da ya fi ragi muhimmanci shi ne a rubuta a rasit cewa za a canza shi in tabo ya fito cikin kwanakin da aka yi yarjejeniya.